Sunan Lubabatu da Aka Cire

Saura awa biyu a rufe shafin neman tallafin, janaretan shagon kwamfutar ya yi tari sau biyu ya mutu.

Lubabatu ta dafe kai da hannu biyu. Tun hantsi take zaune a wannan shago na bakin tashar Kiru, kuma karo na huɗu ke nan tana cike fom ɗin har ta kusa ƙarshe, komai ya goge.

"Malama, a yi haƙuri," in ji mai shagon yana ɗaukar jarka. "Mai ne ya ƙare. Yanzun nan zan dawo."

"Haka ka ce ɗazu," ta faɗa, amma ya riga ya fice.

Sai ta ji wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa a kujerar gefenta. Ta juyo a fusace. Saurayi ne dogo, siriri, da farar rigar asibiti naɗe a kan cinyarsa. Ya ɗaga hannu alamar ban haƙuri.

"Wallahi ba ke nake wa dariya ba. Kaina nake wa. Ni sau biyar ke nan."

Ta so ta kau da kai, sai idonta ya sauka kan takardun da ke gabansa. Irin nata ne sak. Wata gidauniya ce ta haɗa kai da wata jami'a, za su ɗauki nauyin malaman sakandare da ɗalibansu na mako shida a dogon hutu, a koya musu yadda ake bincike kan ciwon mantuwa na tsofaffi, wanda mutane ke kira gigin tsufa. Tawaga ɗaya tak za a ɗauka a kowace ƙaramar hukuma.

"Au, kai ma shi kake nema?" ta ce. "Ashe da abokin hamayya nake zaune tun safe."

"Kin karanta shafi na bakwai?"

Ta karanta mana. Nan ne aka ce dole kowace tawaga ta kasance da ma'aikacin lafiya, kuma ita fili ta bar wurin, tana fatan ba za a lura ba.

"To ni kuma wurin malamin makaranta da ɗalibai goma sha biyu na bari fili," ya ce. "Sunana Kamaluddeen. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Dangora, kusa da rugarmu."

"Lubabatu. Bayoloji nake koyarwa a sakandaren 'yan mata."

Suka kalli juna, suka kalli takardun. Ba su jira mai shagon ba. A ƙarƙashin wata darbejiya da ke bayan tasha, inda sabis ke ɗan kamawa, suka cike fom guda a wayarsa, ita tana karanto sunayen ɗalibanta, shi yana rubutawa. Saura minti bakwai a rufe, saƙon ya tafi.

Tana gyara mayafi za ta nemi acaɓa, ya tambaye ta abin da ya ja hankalinta ga wannan ciwo.

"Kakata ce, Inna Turai. Ni 'yar fari ce, a ɗakinta na tashi. Tun bara ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu kafin a haife ni. Kai fa?"

"Mahaifina," ya ce, bai ƙara komai ba.

Amma yadda ya faɗa ɗin ya bi ta har gida Ba'awa.

Wata uku suka yi suna jiran amsa. Kullum sai ya kira, wai don ya sanar da ita ba a ce komai ba tukuna. Tun ana maganar fom, har aka koma maganar Inna, har aka koma maganar da ba ta da suna.

Wata ranar Talata, tana cikin duba takardun jarrabawa, saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum, Malamata. Na duba imel sau uku yau, shiru. Na duba sunanki a wayata sau talatin, shi kam yana nan daram. Allah Ya sa kin wuni lafiya."

Ta yi murmushi ta mayar masa:

"Likitan ruga, ka rage zolaya. Inna ta ci tuwo yau ba gardama. Na yi yadda ka ce, na zauna mun ci a kwano ɗaya. Na gode, Allah Ya saka."

Ya amsa nan take:

"Amin. In dai kwano ɗaya ne maganin, ni ma ina da ciwon. Ki ba ni izini na turo manyana wajen Baba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Kalma uku ta rubuta: "Na ba ka."

Malam Balarabe, mahaifinta, manomi ne na masara da shinkafa, mutum mai magana ɗaya wanda Ba'awa ke ganin girmansa. Ya karɓi baffannin Kamaluddeen hannu bibbiyu, ya ce su ba shi mako biyu. Da wa'adin ya cika, bayan sallar la'asar, ya kira ta tsakar gida. Ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmarsa.

"Na sa an bincika mini yaron nan," ya ce. "Shi ba a same shi da komai ba. Yana salla, yana aikinsa. Amma ubansa, Isa, duk Kwanar Dangora an san shi. Yana bin mutane a kasuwa yana tambayarsu jajayen shanunsa da aka sayar shekara goma da suka wuce. Ba zan kai 'yata gidan da ake hauka ba, gobe a haifa mini jikoki da shi."

"Baba, ka yi haƙuri, ba hauka ba ne. Ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwa idan shekaru sun ja. Irin na Inna ne."

"Kul!" Ya ɗaga yatsa. "Kada na sake jin kin haɗa uwata da wannan magana. Uwata tsufa ne ya kama ta, shi ke nan."

Lubabatu ta ɗaga ido ta kalli ƙofar ɗakin Inna da ke ƙarshen gidan. Sakata ce a jikinta, ta waje. Wata huɗu ke nan da Baba ya sa kafinta ya kafa ta, tun ranar da Inna ta fita ƙofar gida ba kallabi tana kiran mijinta da ya rasu, maƙwabta suka gani. Daga ranar ko 'yan dubiya aka zo, sai a ce tana barci.

Lubabatu ta sunkuyar da kai. Ta tashi ta shiga ɗakin Ummanta ta yi kuka, Umma na shafa mata baya tana cewa ta bar wa Allah.

"Umma, na bar wa Allah. Amma ciwo ɗaya ne fa! Me ya sa nasu ya zama hauka, namu ya zama tsufa?"

Umma ta ci gaba da shafa mata baya.

Saura kwana goma a ba da hutu, firinsifal ta sa aka liƙa wata takarda a allon sanarwa. Tawagar Kiru ta samu tallafin. Ɗalibai suka yi ta tsalle da ihu. Lubabatu ta kutsa cikinsu tana dariya, ta bi sunayen da yatsa. 'Yan matanta goma sha biyu suna nan cif. Sunan Kamaluddeen yana nan. A wurin malama kuwa, an rubuta Bushira.

Ta sake karantawa. Bushira dai, malamar kimiyya da suke ofis ɗaya, wadda ranar da ake cike fom cewa ta yi ita ba za ta ɓata hutunta a kan tsofaffi ba.

Firinsifal ta ƙi haɗa ido da ita. "An samu canji ne daga baya, Malama. Ma'aikacin lafiyar ne ya aika da sabon sunan. Ki yi haƙuri, akwai baɗi."

A bayan ajujuwa ta tsaya ta kira shi.

"Kai ka aika da sunan Bushira?"

"Ni na aika."

"Don Baba ya ce a'a, shi ne ka nemi wata malamar tun da wuri?"

"Luba, ba haka ba ne. Ba ni na cire ki ba. An ce mini in ban kawo wani suna cikin kwana ɗaya ba, yaran nan duka za su rasa."

"Wa ya cire ni?"

"Wannan ne ba zan iya faɗa miki ba."

"Ba za ka iya ba? Ni na zaɓo yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na bi gidajen iyayensu ina roƙo. Ka san abin da ya sa nake son aikin nan, kai kaɗai na faɗa wa. Kuma ka yi kwana nawa kana kirana kana mini daɗin baki, ba ka ce mini komai ba?"

"Na rasa ta inda zan fara ne. Don Allah ki yarda da ni."

"Da me zan yarda, tunda ba ka ce komai ba?"

Ta kashe wayar. Kafin ta isa gida saƙo ya shigo:

"Malamata, na san na ɓata miki, kuma kina da gaskiya kan shirun da na yi. Amma wallahi babu wata a raina sai ke. Akwai maganar da in na faɗa, ciwon da za ki ji ya fi wannan. Ki yi fushi da ni, zan iya ɗauka."

Ta karanta sau biyu, haushinta ya ƙaru. Wato shi ne ma zai zaɓa mata ciwon da za ta ji. Ta toshe lambarsa.

Hutun nan ya zame mata azaba. Damina ta zauna sosai, masara ta fi mutum tsawo, kowa na gona, ita tana gida tana wanke-wanke da jinyar Inna. Mako biyun farko an kai tawagar jami'a aka koya musu yadda ake tattaunawa da tsoho ba tare da an kunyata shi ba, da yadda ake gwada tunani da tambayoyi masu sauƙi. Daga nan suka dawo suka fara bin ƙauyuka gida-gida.

Hotuna suka yi ta yawo a zauren malamai na waya. Ga 'yan matanta da jakunkuna iri ɗaya. Ga Bushira ta ci kwalliya tana tsaye kusa da Kamaluddeen, ta rubuta a ƙasa: "Tare da Likitanmu mai haƙuri." Lubabatu ta kife wayar a kan katifa, ta ɗauka, ta sake kifewa.

A mako na huɗu suka iso Ba'awa. Tana tsakar gida ta jiyo muryoyin ɗalibanta a zaure suna gaida Baba. Ta san muryar kowacce. Ɗaya ta yi bayani tiryan-tiryan, yadda aka koya musu, ta tambaya ko akwai tsoho ko tsohuwa mai yawan mantuwa a gidan.

"Babu," in ji Malam Balarabe. "Gidan nan lafiya lau muke. Ku gaida malamanku."

A daidai lokacin Inna na buga ƙofarta daga ciki, a hankali, tana cewa a buɗe mata za ta je ta ɗebo ruwa.

Washegari da safe, bayan Baba ya tafi gona, Lubabatu ta kai wa Inna koko. Ɗakin ya yi zafi, yana warin daɗewa a rufe. Inna na zaune bakin gado tana kallon 'yar tagar da ke sama.

"Yarinya, an yi ruwa ne? Ina jin ƙamshin ƙasa."

Lubabatu ta ajiye kofin, ta kama hannunta. Ta fito da ita tsakar gida, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar mangwaro, ta bar ƙofar a buɗe. Umma ta tafi barka maƙwabta. Ita kuma ta zagaya bayan gida shanya kaya, minti goma bai cika ba.

Da ta dawo, tabarma ce kawai da kofin koko.

Kafin azahar duk unguwa ta fita nema. An shiga gonakin masara ana kiran sunanta. An duba rijiyoyi. Matasa suka bi bakin rafi, wanda ya cika ya batse saboda ruwan kwana biyu. Malam Balarabe ya dawo daga gona da taɓo har gwiwa, ya tsaya a gaban 'yarsa, idanunsa jajur.

"Ke kika buɗe?"

"Ni ce, Baba."

"To in wani abu ya samu uwata, ki sani ke ce."

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ita tana tsaye cikinsa a bakin hanya tana tare duk ɗan acaɓan da ya wuce tana kwatanta masa tsohuwa mai koren zani.

Ana kiran la'asar wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Luba, kada ki kashe, ni ne. Wayar Dada na ara. Inna tana wurinmu, lafiyarta ƙalau."

Ta zauna a kan dakalin wani shago.

Ashe Inna acaɓa ta tare a bakin titi, ta ce a kai ta gidan ubanta a Dangora, garin da aka haife ta. Da suka isa ta rasa gidan, don an yi shekaru da rushe shi. Ɗan acaɓan ya gaji da zagaye ya sauke ta kusa da masu nono ya tafi neman mai unguwa. A nan Dada Hajara, mahaifiyar Kamaluddeen, ta gan ta tana tambayar mutane wata rijiya da babu ita. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane irin ciwon mijinta ne. Ta rufe ƙwaryarta, ta kama hannunta suka tafi ruga. Kamaluddeen kuwa ya taɓa ganin hotonta a wayar Lubabatu, shi ya sa ya gane ta.

Malam Balarabe ya ɗauki shatar mota, shi da Lubabatu.

Ruwa ya ɗauke lokacin da suka sauka. Rugar tana kan wani tudu, da gonar dawa a gefe. A ƙarƙashin wata babbar ɗorawa suka hango Inna zaune kan tabarma, an ɗaura mata busasshen zani, tana shan fura da ludayi. Kusa da ita wani farin tsoho ne mai tsabta, riƙe da igiyar ɗan maraƙi. Hira suke yi. Ita tana ba shi labarin bikin yayarta, shi yana ba ta labarin mashayar shanu, kowa na gyaɗa wa ɗan'uwansa kai, suna dariya.

Rabon Lubabatu da jin dariyar Inna har ta manta.

Tsohon ya miƙo wa Malam Balarabe hannu. "Sannu da zuwa, baƙo. Ka ga jajayen shanuna a hanya?"

Kamaluddeen ya durƙusa gefen mahaifinsa. "Baffa, suna kiwo, an jima za su dawo. Ga wannan ka kula da shi tukuna."

Tsohon ya shafa kan maraƙin, hankalinsa ya kwanta. Bayan ɗan lokaci ya sake miƙo hannu ya yi gaisuwar, ya sake tambayar, aka sake ba shi amsar, babu wanda ya yi tsaki.

Dada Hajara ta kawo wa baƙi nono. Malam Balarabe ya yi mata godiya sosai, sannan ya tambaya a hankali, "Haka kuke barinsa a waje? Ba kwa rufe shi?"

"Mutumin da ya yi shekara sittin yana bin shanu, Malam, in muka rufe shi ai mun gama da shi," ta ce. "Bin sa muke yi. Yau wannan, gobe wancan. Wani lokaci ya kufce mana ya shiga kasuwa, a yi mana dariya. To a yi. Lokacin da yake da ƙarfi, shi ya ɗauke mu duka."

Malam Balarabe ya sunkuyar da kai. Ya matsa gaban mahaifiyarsa ya durƙusa.

"Inna, tashi mu tafi gida."

Inna ta dube shi, dariyar ta ɓace daga fuskarta. Ta ja jiki ta riƙe zanin Dada Hajara.

"Kada ki bar shi ya tafi da ni. Wannan ne mutumin da yake kulle ni."

Lubabatu ta ga kafaɗun mahaifinta sun sauka kamar an zare musu ƙashi.

"Inna, ni ne Balarabe. Ɗanki."

"Ƙarya kake. Balarabe yaron kirki ne. Yana makarantar allo, yanzu zai dawo na ba shi ɗumame."

Ya buɗe baki zai yi gardama, Kamaluddeen ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Baba, a gafarce ni. Kada a yi musu da ita, tsoro zai ƙaru. A bi ta inda take."

Sannan ya juya ga tsohuwar da fara'a. "Inna, ai Balarabe ne ya aiko shi. Ya ce ya dawo bai same ki ba, yunwa yake ji."

"Ayya, yaron nan!" Nan da nan ta fara neman takalmanta. "Bai karya ba ya fita. Ku tashi mu tafi."

Malam Balarabe ya juya baya, ya sa hannun riga ya goge fuska. Ya daɗe a haka. Da ya juyo, ba Kamaluddeen ya kalla ba, 'yarsa ya kalla.

"Lubabatu, sunanki da aka cire a takardar nan, ni ne. Ni na je na samu firinsifal na ce ta janye ki. Ba na son ki riƙa yawo da shi, kuma ba na son a shigo mini gida a ga Inna." Ya nuna Kamaluddeen da haɓa. "Ya sani. Na zaci tuni ya faɗa miki don ya wanke kansa."

Lubabatu ta ji kunya da haushi da tausayi sun haɗu sun cushe mata ƙirji. Ta kalli Kamaluddeen, shi kuma yana kallon ƙasa yana wasa da igiyar maraƙi.

Suna isa gida, tun kafin magariba, Malam Balarabe ya ɗauko guduma da kansa ya cire sakatar. Ita kuma ta buɗe lambar da ta toshe, ta rubuta:

"Likitan ruga, na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Amma ka sani har yanzu ina jin haushinka. Mako biyar ka bar ni ina ƙuna. Nan gaba ko maganar mai ɗaci ce, ka faɗa mini, ni ba ƙaramar yarinya ba ce."

Amsa ta zo:

"Na yafe, ni ma ki yafe. Na ji tsoron na shiga tsakaninki da Baba ne, sai na shiga tsakaninki da ni. Na yi alkawari ba zan sake ba. Na yi kewarki, Malamata, har Baffa da ke manta komai ya lura ba na cin abinci."

Ba komai ne ya gyaru ba. Sun rubuta wa gidauniyar har sau uku a mayar da sunanta, aka ce an riga an rufe, babu canji. Makonnin da suka rage haka ta bi tawagar a matsayin 'yar rakiya, ba jaka, ba suna a takarda. Ranar rufe taro Bushira ce ta hau ta karɓi takardar shaida ana tafi, Lubabatu na zaune a layin baya tana cizon leɓe. Sai da aka tashi Bushira ta same ta ta ce, "Ni fa na gaji da Likitan nan naki. Mako shida, duk maganar da aka fara sai ta ƙare a kanki. Baɗi ki karɓi kayanki."

Amma gida na ƙarshe da ɗaliban suka shiga a bincikensu, gidan Malam Balarabe ne. Shi ya aika a kira su. Ya zauna a kan tabarma kusa da mahaifiyarsa, ya amsa duk tambayoyinsu, har da wadda ta fi nauyi, ta yadda ake kula da ita a da. Bayan sun tafi, maƙwabta biyu suka zo da kansu suka ce su ma a shiga nasu gidajen.

Da aka kammala girbin masara, ya aika wa baffannin Kamaluddeen su dawo.

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi a ƙofar gidan. Mutanen ruga suka zo da ƙoren nono da man shanu, Baffa Isa a tsakiyarsu cikin farar babbar riga, yana gaisawa da kowa sau bibbiyu, kowa na amsa masa.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Umma ta kama hannun Lubabatu ta kai ta gaban Inna, wadda ke zaune a inuwar mangwaro an yi mata lalle. Lubabatu ta durƙusa, ta ɗora kai a gwiwarta tana kuka.

"Auren wa ake yi?" Inna ta tambaya.

"Nawa ne, Inna. Ni ce Lubabatu."

Inna ta ɗago fuskarta da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa.

"Ban gane ki ba, 'yar nan," ta ce. "Amma duk wanda ya raine ki ya iya raino."

Sannan ta ɗora tafinta a kan amaryar, bakinta ya kama addu'a tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Allah Ya ba ki zaman lafiya a ɗakinki. Allah Ya sa mijinki ya ji tausayinki, ke ma ki ji nasa. Allah Ya ba ku 'ya'ya masu albarka, waɗanda za su riƙe ku ranar da ƙarfi ya ƙare."

Malam Balarabe na tsaye daga bakin zaure, ya ɗaga hannuwansa sama. Duk cikin masu cewa amin, tasa ce ta fi fitowa.